Cunkoson da ke cikin sel, da yadda furotin ke samun hanya a ciki

Duk wanda ya yi bayoloji a sakandare a garin nan na Zariya, ko cikin ganuwa ne ko Tudun Wada ko Samaru, ya san zanen sel ɗin nan da ake sa yara su kwafa: a zana da'ira, a ɗora nukiliyas a tsakiya, a watsa maitokondiriya biyu ko uku a gefe, sauran filin kuma a barshi fari tas a rubuta mishi saitofilazim, wai ruwa ne da komai ke shawagi a ciki. Zanen yana da amfanin shi, yaro zai ci jarabawa da shi, amma hoton da yake bari a kai shine damuwan, don mutum sai ya girma har ya shiga jami'a yana ganin cikin sel wani fili ne fetal da 'yan abubuwa jefi-jefi, alhali wurin a cike yake maƙil babu masaka tsinke. Ni kam a gani na idan ba a gane wannan cunkoson ba akwai abubuwa da yawa da ba za su taɓa zama a kai ba, har da ciwon sikila da da wuya ka samu dangi a nan da bai taɓa ba.

Bari mu daidaita ma'auni tukuna. Ɗauki rula, kalli milimita ɗaya, ka raba shi gida 1,000, kowane gida shine maikiromita. Bakteriyan nan E. coli da ke cikin hanjin kowa tsawon shi kaman maikiromita 2 ne, sel ɗin jikin mutum kuma yawanci 10 zuwa 20. Ka sake raba maikiromita ɗin gida 1,000 ka samu nanomita, toh matsakaicin furotin faɗin shi nanomita 3 zuwa 6 ne. Kuma in an ce furotin a nan ba wai wake da ƙwai da nama ake nufi ba kai tsaye, ana nufin ƙananan ma'aikatan da sel ke ƙerawa da kanshi, su ne enzayim masu narka suga, su ne masu kwafan DNA, masu ɗaukan oksijin, masu gadin ƙofa. A cikin E. coli ƙwaya ɗaya tak akwai su miliyoyi.

A 1991 wasu masu bincike biyu a Amurka, Zimmerman da Trach, suka auna yawan manyan ƙwayoyin da ke cikin E. coli, wato furotin da RNA, suka samu giram 300 zuwa 400 a kowace lita. Farin ƙwai ɗanye da muke gani yana yauƙi furotin ɗin da ke ciki wajen giram 100 ne a lita, kenan cikin bakteriya ya ninka shi uku zuwa huɗu. In aka juya lissafin zuwa fili, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na wurin manyan ƙwayoyi sun riga sun cinye shi, kuma tazaran da ke tsakanin furotin da maƙwabcin shi bai wuce girman furotin ɗin kanshi ba. Amma a lab fa, in za a gwada aikin enzayim, a cikin kwalban gwaji ake tsarma shi da ruwa da ɗan gishiri, sau da yawa furotin ɗin bai kai giram ɗaya a lita ba. Yawancin lambobin da ɗalibai ke haddacewa daga irin wannan ruwa tsarara aka samo su. Allen Minton na cibiyar binciken lafiya ta Amurka tun farkon shekarun 1980 yake jan hankali cewa abin da aka auna a ruwa tsarara ba lallai shine ke faruwa a cikin sel ba.

Toh yanzu ga tambayan. Furotin ba shi da ido ba shi da ƙafa, an ƙera shi a raibosom, wato injin da ke ƙera furotin a cikin sel, a wannan kusurwan, aikin shi kuma yana can wata kusurwa, wa ke kai shi?

Ga yawancin su babu mai kai su. Ruwa ne ke dukan su ta ko'ina har su isa. A 1827 wani masanin tsirrai ɗan Sikotland, Robert Brown, yana kallon garin fure a cikin ruwa da maikiroskof sai ya ga wasu 'yan ƙananan abubuwa da suka fito daga garin suna ta karkarwa ba tsayawa. Ya yi tunanin ko alaman rai ne, sai ya gwada da garin gilashi da garin duwatsu, har da ɓarɓashin dutsen gunkin Sfinks na Masar, duk suka yi karkarwan iri ɗaya. Sai a 1905 Einstein, lokacin yana ɗan shekara 26 yana aikin ofis a Bern, ya fito da lissafin abin: ƙwayoyin ruwa saboda zafi kullum a guje suke, ɗaruruwan mita a sakan, suna karo da duk abin da ke cikin su, kuma in abu ƙarami ne sosai dukan da ya sha daga hagu ba ya yin daidai da na dama a kowane lokaci, sai ya ɗan gusa nan, ya gusa can. Jean Perrin a Faransa ya zauna ya auna wannan da idon shi daga 1908, lissafin Einstein ya fita daidai, aka bashi kyautan Nobel a 1926, kuma wannan aikin na cikin abin da ya rufe gardaman ko ƙwayar zarra gaskiya ce.

Furotin ma haka yake. In ka kama shi a wani ɗan lokaci gudun shi ya kai mitoci a sakan ɗaya, amma kafin ya yi tafiyan da ya kai faɗin zarra ɗaya an buge shi ya canza hanya. Gaba, baya, sama, gefe, baya kuma. Wannan yawon da ba alƙibla shine bazuwa, kuma yana da wata ƙa'ida da in ka riƙe ta ka riƙe rabin maganan nan: lokacin da za a ɗauka ba ya tafiya daidai da nisa, yana tafiya ne da nisa sau nisa. Nisa ya ninka 2, lokaci ya ninka 4. Nisa ya ninka 10, lokaci ya ninka 100. Dalili kuwa shine yawancin takun suna goge juna, wanda ya yi taku 100 na kan-mai-uwa-da-wabi ba zai yi nisan taku 100 daga inda ya fara ba, kaman taku 10 zai yi.

Mu sa lamba mu gani, da furotin mai matsakaicin sauri a cikin sel. Maikiromita 1, kashi ɗaya cikin 20 na sakan. Maikiromita 10, sakan 5. Milimita 1, wajen awa 14. Santimita 1, kusan wata 2. Mita 1 kuwa, sama da shekara 1,500. Wannan na cikin dalilan da yasa sel suke ƙanana, don a wannan girman yawon banza ya isa ya kai saƙo kyauta ba tare da an ƙona makamashi ba, furotin a cikin bakteriya kafin ka ƙifta ido biyu ya leƙa wannan ƙarshen ya leƙa wancan. Anan ne ma nake ganin misalin turaren da malamai ke yawan bayarwa yana ɓatar da yara, wai a fesa turare a gaban aji na baya ya ji ƙamshi nan take, a ce bazuwa kenan. Iskan da ke kaɗawa a ɗakin ne ya kai ƙamshin, da bazuwa zalla ne da an tashi makaranta bai iso bencin baya ba.

Sai kuma a ce ta yaya aka san saurin abin da ido ba ya gani, a cikin sel mai rai kuma. Akwai wata halittar teku, jelifish, da ke da wani furotin mai ƙyallin kore, GFP ake ce mishi. Osamu Shimomura ne ya fara ciro shi a 1962, a 1994 Martin Chalfie ya nuna za a iya sa wata halitta daban ta riƙa ƙera shi a jikin ta, su biyun da Roger Tsien suka samu Nobel a 2008. In sel ya cika da wannan koren hasken, sai a haska leza mai ƙarfi a wani ɗan ɗigo a ƙone hasken wurin ya yi baƙi, sannan a zuba ido a ga minti ko sakan nawa zai ɗauka kafin masu haske na gefe su yawato su cike gurbin. Dabaran tun shekarun 1970 take. Daga saurin cikewan ake fitar da lamban bazuwa. A ruwa tsarara GFP yana ba da wajen 87, ma'aunin maikiromita sukwaya ne a sakan. A cikin sel ɗin dabba ya sauko wajen 27. A cikin E. coli kuwa, Michael Elowitz da abokan aikin shi a 1999 suka samu kusan 8. Furotin ɗaya, zafi kusan ɗaya, amma sauri ya faɗi ninki 3 a nan, ninki 10 a can.

Abin da zai fara zuwa ma mutum a rai shine ai ruwan cikin sel ne ke da kauri. Aka auna, ba haka bane. Alan Verkman da mutanen shi a Kalifoniya sun yi amfani da ƙananan ƙwayoyi masu haske suka duba yadda suke juyawa a inda suke, suka ga ruwan da ke tsakanin manyan ƙwayoyin kaurin shi kaɗan ya ɗara na ruwan sha. Ruwan ruwa ne, hanya ce babu.

Ka ɗauko Kasuwan Sabon Gari ran jajibirin Sallah da la'asar. Iskan da ke cikin kasuwan bai fi na Kongo ko PZ kauri ba, jama'a ne suka cika layi. Yaro ɗan shekara bakwai zai sulale ta tsakanin ƙafafu ya fita, babba sai ya riƙa bi da kafaɗa, mai baro ɗauke da buhun shinkafa yana ta a gafara a gafara yana taku ɗaya yana tsayawa, in kuma wani ya yi gangancin shigo da mota toh ta kafe sai an watse. Layi ɗaya, cunkoso ɗaya, amma kowa da irin wahalan da girman shi ya jawo mishi. Haka aka gani a sel tun shekarun 1980 lokacin da Katherine Luby-Phelps ta riƙa cusa ƙwayoyi masu girma daban-daban a cikin sel tana auna su: ƙanana suna wucewa, manya suna raguwa fiye da yadda girman su kaɗai zai sa, in girman ya wuce wani iyaka kuma kusan sai su maƙale. Raibosom da faɗin shi ya kai nanomita 20 da ɗoriya, in yana kan aiki a cikin bakteriya saurin shi bai kai kashi ɗaya cikin 100 na GFP ba.

Sannan akwai wani mutum a kasuwan da ba girma ne ya tsare shi ba. Siriri ne ba ya ɗauke da komai, amma kowane shago sai an kira shi, Alhaji ina wuni, ya iyali, ya kasuwa, ya tsaya a nan ya tsaya a can, yaron da suka shigo tare tuni ya isa gida. Wannan shine manne-manne, kuma a wuri na shi ya fi ban sha'awa. Fatan kowane furotin akwai caji a jiki, wani wuri nagetif wani fozitif, kuma raibosom da DNA da RNA duk nagetif ne sosai. A 2017 ɗakin binciken Bert Poolman a Groningen ta ƙasar Holan suka ƙera GFP iri-iri, girma ɗaya siffa ɗaya, caji kawai suka bambanta. Masu nagetif suka riƙa yawon su lafiya, masu fozitif da yawa kuwa suka rage gudu har ninki kusan 100 a E. coli, saboda suna ta manne ma raibosom. In ka duba kuma sai ka ga yawancin furotin ɗin da ke yawo a saitofilazim na bakteriyan nagetif ne, suna ɗan ture juna kenan, kuma wannan turewan ne ke hana wurin curewa wuri ɗaya. Tsarki ya tabbata ga wanda ya daidaita wannan.

Kar a ɗauka cunkoso rage gudu kawai yake yi. Yana da wani aiki na biyu da ya saɓa ma na farkon, yana tura abubuwa su haɗe. Kowane babban ƙwaya akwai wani zagaye a gefen shi da tsakiyar wani babban ƙwaya ba zai iya shiga ba, in guda biyu suka manne da juna zagayen nasu ya haɗu ya ragu, sauran jama'an wurin sun samu ƙarin sarari kenan, don haka dukan da ake ta yi daga ko'ina ya fi son ya bar su a haɗe. Saboda haka furotin biyu da a kwalban gwaji da ƙyar suke riƙe juna, a cikin sel za su iya zama a manne ƙam. Haɗuwan farko yana jinkiri, amma in an haɗu rabuwa na wuya, kuma in ma an rabu maƙwabta sun tare hanya sai a sake karo da juna. Wani aikin cunkoso na hanzarta shi, wani yana rage shi, ya danganta da ko neman juna ne ke cin lokaci ko aikin kanshi. Haɗarin shine, da yake furotin kaman sarƙa ake ƙera shi sai ya naɗe ya ɗauki siffar shi kafin ya yi aiki, furotin ɗin da bai naɗe daidai ba shima haka ake tura shi ya manne ma ɗan uwan shi su yi gudaji, shi yasa sel ke ajiye wasu furotin na musamman da aikin su kawai su rufe sabon furotin har ya gama naɗewa.

Wani abu kuma da aka gano ba da daɗewa ba, sel ɗin da kanshi yana da hannu a yadda cikin shi ke motsi. A 2014 ɗakin binciken Christine Jacobs-Wagner a jami'ar Yale suka nuna in aka yanke ma bakteriya makamashi, manyan abubuwan da ke cikin shi, daga nanomita 30 zuwa sama, sai su daskare a inda suke, ƙanana kuma su cigaba da yawo. Da an dawo da abinci sai komai ya saki. A 2016 aka ga irin haka a yis, in yunwa ta kama shi cikin shi na ƙara tsami ya yi tauri, kuma taurin nan na taimaka mishi ya rayu har abinci ya dawo. Busasshen yis da masu fanke da burodi ke saya a leda yana da rai fa, ruwan ne aka janye har komai na ciki ya tsaya cak, shi yasa ake jiƙa shi da ruwan ɗumi da ɗan suga a jira ya taso. Irin gero da dawa da ke kwance a rumbu tun kaka ma cikin sel ɗin su a daskare yake kaman haka, sai ruwan damina ya shige su motsi ya dawo.

Toh ina labarin sel masu tsawo? Akwai jijiyan saƙo da jikin sel ɗin yana ƙasan gadon baya amma zaren shi ya miƙe har babban yatsan ƙafa, kusan mita ɗaya, sel ɗaya ne fa. Yawancin kayan aikin a can sama ake ƙera su, kuma mun riga mun yi lissafin mita ɗaya da bazuwa, shekara 1,500 da wani abu. Anan sel ya daina dogaro da yawon kyauta, sai ya biya. Akwai wasu zaruruwa masu tauri da suka bi tsawon jijiyan, maikirotubul, akwai kuma wani furotin mai suna kinesin da Ronald Vale da Thomas Reese da Michael Sheetz suka gano a 1985 daga jijiyan wata dabban teku. Kai biyu gare shi da yake takawa da su ɗaya bayan ɗaya a kan zaren, kowane taku nanomita 8, kowane taku kuma sai ya ƙona ƙwayar ATP ɗaya, wato man da sel ke ƙonawa ya samu makamashi, yana yin taku wajen 100 a sakan da kaya a bayan shi. Tafiyan shekara dubu ya koma na kwanaki zuwa sati biyu. Wani kuma mai suna dainin shi ke jigilan dawowa, daga yatsa zuwa sama.

Wannan hanyan dawowan ita bairos ɗin haukan kare ke hawa. Daga inda kare ya ciji mutum yana shiga bakin jijiya, a ɗauke shi a hankali zuwa laka da ƙwaƙwalwa, shi yasa ake iya yin wata ɗaya zuwa uku ba a ga komai ba, kuma shi yasa cizo a fuska ko wuya ya fi saurin tashi akan na ƙafa, tafiyan gajere ne. Don Allah jama'a, wannan tazaran ita ce daman da ake da ita, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15 a wuce asibiti a fara allura a ranar, don in alamomi suka fito kusan babu mai tashi.

Yanzu sikila. Jan ƙwayar jini ba ta da nukiliyas ba ta da maitokondiriya, an kwashe komai an cika ta da abu ɗaya, himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukan oksijin, wajen giram 330 zuwa 340 a lita, kaman guda miliyan 270 a ƙwaya ɗaya. Cunkoso ne da ya kai bakin iyaka, kuma himogulobin na lafiya an yi fatan shi yadda duk matsin nan ba ya manne ma ɗan uwan shi. Linus Pauling a 1949 ya nuna na mai sikila cajin shi ya bambanta, Vernon Ingram kuma a 1956 zuwa 1957 ya gano ainihin wurin: amino asid ɗaya tak, wato ɗaya daga cikin tubalan da ake jerawa a gina furotin, na 6 a sarƙan himogulobin da ake kira beta, mai caji nagetif ya fita, wani mai gudun ruwa ya shiga. Ɗan wannan tabon, in himogulobin ya sauke oksijin ɗin shi, yana samun gurbin da zai shige a jikin maƙwabci, wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, su zama dogayen zaruruwa masu tauri da ke lanƙwasa ƙwayar ta koma kaman lauje. In ka tsarma himogulobin ɗin sikila sosai a ruwa ba ya yin zaren ko babu oksijin. Sai da matsi. Minton ɗin nan da na ambata ma daga nazarin himogulobin ɗin sikila a shekarun 1970 ya shigo maganan cunkoso.

Ga inda abin ya fi muhimmanci. A 1974 Hofrichter da Ross da Eaton suka gano zaren ba ya fara fitowa nan take da an sauke oksijin, akwai jinkiri, sai wasu 'yan ƙwayoyi sun yi dacen haɗuwa sun kafa tushe tukuna sannan abin ya barke gaba ɗaya. Kuma tsawon jinkirin nan ya rataya ne da yawan cunkoson ta hanyan da ba a saba gani ba, kaman a ninka lamba da kanta sau 30. Ma'ana in himogulobin ɗin cikin ƙwayar ya ɗan tsarmu da kashi 8 cikin 100 kawai, jinkirin zai ninka wajen 10. In kuma ƙwayar ta ɗan bushe da kashi 8 ɗin, jinkirin ya ragu ninki 10. Ita kuma ƙwayar jini wajen sakan ɗaya take yi tana ratsa ƙananan jijiyoyin jini da suka fi ta ƙunci, sannan cikin 'yan sakanni ta koma huhu ta sha oksijin zaren ya narke. Tsere ne kenan tsakanin agogo biyu. In jinkirin ya fi tafiyan tsawo ta tsira a wannan zagayen, in zaren ya riga ta tana cikin matsatsi sai ta yi tauri ta toshe hanya, na bayan ta su tsaya su ƙara rasa oksijin su ma su lanƙwashe, ciwon da ke sa yaro kuka cikin dare yana riƙe ƙashi kenan. Kuma duk lanƙwasan da ƙwaya ta yi tana zubar da fotasiyam da ruwa ta ƙara bushewa, zagaye na gaba ya fi mata haɗari.

Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta ana haifan jarirai wajen 150,000 da sikila duk shekara a Najeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Duk uwar da ke kai ɗanta asibitin koyarwa na Shika ko wani asibiti ta ji likita na nanata a bashi ruwa, a bashi ruwa, wasu har suna ganin magana ce ta rashin abin faɗa. Ba haka bane wallahi. Ƙodan mai sikila ba ta iya riƙe ruwa kaman ta kowa, fitsarin shi tsarara ne ko yana jin ƙishi, in jini ya rasa ruwa kuma sai ya zuƙo daga cikin ƙwayoyin, ga zafin Maris da Afrilu na Zariya, ga busasshen iskan hunturu da sanyin da ke matse jijiyoyi ya rage gudun jini. Zazzaɓi da gudawa da amai duk ta wannan ƙofan suke shigowa. Ruwa ba magani bane kuma ba ya maye gurbin asibiti, amma lissafin ninka lamba da kanta sau 30 ɗin nan yana bayan shi, kuma maganan azumi ga mai sikila a zauna da likitan shi tukuna kafin a yanke.

Da wannan lissafin ne ma za ka gane me yasa AS yawanci lafiyan su ƙalau: ƙasa da rabin himogulobin ɗin su ne na sikila, jinkirin ya yi tsawon da jini zai je ya dawo sau da yawa ba abin da ya faru, sai dai a can cikin ƙoda inda oksijin ya yi ƙasa gishiri ya yi yawa, shi yasa wani lokacin ake ganin jini a fitsarin wasun su. Haka jariri mai SS, watannin farko ba a ganin komai sai wajen wata 6, saboda yana da sauran himogulobin na cikin ciki, HbF, wanda ba ya shiga zaren, yana nan a tsakani yana hana masu tabon samun juna. Maganin haidiroksiyuriya da Amurka ta amince da shi don sikila a 1998 babban aikin shi ya sa jiki ya koma ƙera HbF ɗin, kuma ƙwayoyin kan ƙara girma su riƙe ruwa. Bai cire himogulobin ɗin sikila daga jini ba, jinkirin yake ja ya wuce lokacin da ƙwayar ke buƙata ta fita daga matsatsi. Likita ne ke ɗora mutum a kai kuma ana bin shi da gwajin jini lokaci-lokaci, don yana iya rage fararen ƙwayoyin jini in adadin maganin ya yi yawa.